Tarihin Soyayyen Dankalin Turawa: Daga Tsaunukan Andis Zuwa Kaskon Gida

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihi a ƙasarmu sun fi mai da hankali ga sarauta da yaƙe-yaƙe da fatauci. Abin da ya shafi murhu da tukunya kuwa an bar wa matan gida da malaman koyar da girki, sai ka ce ba shi da silsila. Alhali kuwa kowane abinci da muke ci yana da hanyar da ya biyo kafin ya iso gare mu, kuma bin sawun wannan hanya kan bayyana abubuwa da yawa game da noma da ciniki da tattalin arzikin al'umma.

Wannan takarda ta ɗauki abinci guda ɗaya, wato soyayyen dankalin Turawa, wanda ake yankawa dogo-dogo kamar yatsu a soya cikin mai har bayansa ya yi ƙaras-ƙaras, cikinsa kuma ya yi laushi. Tambayar da ta haifar da takardar ƙarama ce, amma kusan duk wadda ta taɓa ɗora kasko ta yi wa kanta ita: me ya sa wanda aka soya a gida yakan fito laƙwas, ya sha mai, alhali na manyan gidajen sayar da abinci yana ƙara a baki? Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, amsar tana cikin tarihin abincin. Sai da abubuwa uku suka haɗu kafin a same shi a yadda aka san shi yau: irin dankalin da ya dace, da mai mai yawa kuma mai araha, da dabarar suya sau biyu. Kowanne daga cikinsu ya zo a lokacinsa daga wurinsa, kuma duk kaskon da ya rasa ɗaya daga cikinsu ba zai fitar da abin da ake so ba.

2.0 Asalin Dankali

Sunan da Hausawa suka ba wannan tsiro, dankalin Turawa, yana nuna hannun da ya miƙo mana shi ne kawai. A kasuwa ma akan ji ana kiransa "arish", wato ana danganta shi da ƙasar Ailan, har ɗalibai da yawa suna ɗauka can ne mahaifarsa. Gaskiyar magana, mutanen tsaunukan Andis na Kudancin Amurka ne suka fara noma shi, a yankin tafkin Titikaka da ke tsakanin Feru da Bolibiya ta yau, shekaru dubu bakwai ko fiye da suka wuce. Har yanzu a can ne aka fi samun ire-irensa, waɗanda yawansu ya haura 4,000, masu launi da siffa iri-iri. Saboda haka ne aka kafa Cibiyar Nazarin Dankali ta Duniya a birnin Lima a 1971.

Mutanen Andis sun ƙware wajen adana shi. Sukan shanya shi a fili da dare ya daskare saboda tsananin sanyin tsauni, da rana kuma su tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, su maimaita haka har ya bushe ƙamas. Busasshen dankalin nan yakan yi shekaru a rumbu bai lalace ba, kuma yana cikin abincin da daular Inka ta riƙa tarawa domin sojojinta da kuma shekarun fari. Abin lura a nan shi ne, tun wancan zamani an gane cewa babban abin da ke cikin dankali ruwa ne, kuma sarrafa shi ya dogara ne ga yadda aka fitar da wannan ruwa. Za mu ga cewa sirrin suyar ma ke nan.

Amma mutanen Andis ba su san suya cikin mai mai zurfi ba kamar yadda ake yi yau, domin ba su da shanu ko aladu, dabbobin da Turai ta dogara da kitsensu. Dafawa da gasawa da busarwa su ne hanyoyinsu.

3.0 Shigar Dankali Turai

Sifaniyawa a ƙarƙashin Francisco Pizarro sun kama sarkin Inka a 1532, kuma daga baya dankali ya ƙetare teku. Akwai takardar da ta nuna an yi lodinsa daga tsibiran Kanari zuwa Antwerp a 1567, akwai kuma littafin lissafin wani asibiti a birnin Seville da ya nuna an saye shi a 1573. Masanin tsirrai Caspar Bauhin ya ba shi sunan kimiyya a 1596, sunan da ake amfani da shi har yau.

Duk da haka Turawa ba su karɓe shi hannu bibbiyu ba. Kusan ƙarni biyu yana zaune a lambunan masana da kuma akurkin dabbobi. Wasu sun ce yana jawo kuturta, wasu sun ƙi shi saboda danginsa na da guba, manoma kuwa sun saba da hatsi, ba su ga dalilin canji ba. Yunwa da yaƙi ne suka buɗe masa ƙofa. Soja yana iya ƙone gonar alkama ko ya kwashe rumbu, amma abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa yana da wuyar kwasa. Sarki Frederick na Firushiya ya ba da umarni a 1756 cewa lallai talakawansa su noma dankali. A Faransa kuwa Antoine Parmentier ne ya yi fice. Shi mai haɗa magunguna ne na soja, an kama shi a Yaƙin Shekara Bakwai (1756 zuwa 1763), ya rayu a kan dankali a hannun Firushiyawa, ya dawo gida da ƙarfinsa. Daga nan ya duƙufa wajen rubuce-rubuce da shirya walima ga manyan mutane domin ya cire wa jama'a ƙyama.

Kafin ƙarshen ƙarni na 18 dankali ya zama abincin talaka a arewacin Turai. A Ailan dogaro da shi ya kai intaha, ta yadda da cutar ruɓewar ganye ta afka wa gonaki a 1845, yunwar da ta biyo baya ta halaka kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, yawancinsu zuwa Amurka. Wannan dogaro na mutanen Ailan shi ne ya sa sunansu ya manne wa dankalin, har ya iso kasuwanninmu.

4.0 Gardama Kan Wanda Ya Fara Soya Shi

Ƙasashe biyu ne ke ja-in-ja a kan wannan abinci, Beljiyam da Faransa. Hujjar da mutanen Beljiyam suka fi kawowa ta fito ne daga wani ɗan jarida mai suna Jo Gérard. Ya ce ya ga wani rubutun hannu na danginsu na shekarar 1781, wanda ya bayyana cewa talakawan bakin kogin Meuse, a wajajen Namur da Dinant, sun saba soya ƙananan kifaye, idan kogin ya daskare da hunturu kuma sai su yanka dankali a siffar kifi su soya a madadinsa, kuma wai an yi shekara ɗari ana haka, wato tun wajen 1680.

Labarin yana da daɗin ji, amma bai tsaya da ƙafafunsa ba. Da farko, ba a taɓa fito da rubutun an nuna wa masana ba. Na biyu, masanin tarihin abinci Pierre Leclercq, wanda shi kansa ɗan Beljiyam ne, ya nuna cewa dankali bai isa yankin Namur ba sai wajen 1735. Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga wannan takarda, kitse a wancan zamani kaya ne mai tsada. Talakan da ke lallaɓa ɗan man da zai shafa a burodi ba zai cika kasko da shi domin suyar dankali ba.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana nuni ne ga birnin Faris a ƙarshen ƙarni na 18, inda masu tallar soye-soye a kan gadar Pont-Neuf suka riƙa sayar da soyayyen dankali tare da sauran kayansu. Wannan ya yi daidai da hankali. Mai talla yana ɗora kasko ɗaya ya soya wa mutum ɗari a cikin mai guda, saboda haka tsadar man ta rarrabu a kan masu saye. Duk wanda ya lura da mai ƙosai a bakin titi ya san wannan lissafi. Wato soyayyen dankali a titi aka haife shi, daga baya ya shiga gida.

Daga Faris ya bazu. Thomas Jefferson, wanda ya yi jakadanci a Faransa kafin ya shugabanci Amurka daga 1801 zuwa 1809, ya bar rubutu da hannunsa na yadda ake soya ɗanyen dankali da aka yanka ƙanana. Wani Bajamushe mai suna Frédéric Krieger ya koyi sana'ar a Faris, ya shiga Beljiyam a 1844 yana bin wuraren bukukuwa da rumfarsa, yana tallar kayansa da cewa irin na Faris ne. A Ingila, wani littafin girki na 1856 ya riga ya kira shi soyayyen dankali irin na Faransa. Wannan ya rushe wani labarin da ake yawan bayarwa, cewa sojojin Amurka ne suka laƙaba masa sunan Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda sun ji mutanen Beljiyam na magana da Faransanci. Sunan ya girmi yaƙin da kusan shekara sittin.

Wannan bai rage wa Beljiyam daraja ba. Idan Faris ce ta haife shi, Beljiyam ce ta yi renonsa. A can ne rumfar suyar dankali ta zama kamar teburin mai shayi a garuruwanmu, kowace unguwa da tata. An buɗe gidan tarihi na musamman dominsa a birnin Bruges a 2008, kuma hukumomin ƙasar sun sa al'adar rumfunan a jerin gadon al'umma.

5.0 Mai da Dabarar Suya Sau Biyu

A ƙarni na 19 birane sun cika da ma'aikatan masana'antu, mahauta sun yawaita, kitsen shanu ya yi araha, kwal ya ba da wuta mai ƙarfi. Ma'aikacin da ya tashi aiki da dare yana bukatar abinci mai zafi, mai riƙe ciki, wanda bai fi ƙarfin aljihunsa ba. A Ingila aka haɗa soyayyen dankali da soyayyen kifi a shekarun 1860, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa kai kifi cikin ƙasa. Kafin 1910 shagunan wannan abinci sun kai kimanin 25,000, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnati ta ƙayyade rabon nama da sukari da man shanu, ba ta sa shi cikin jerin ba.

Samuwar mai kaɗai ba ta isa ba. Duk wanda ya jefa ɗanyen dankali cikin mai mai tsananin zafi zai ga bayansa ya ƙone ciki bai nuna ba. Idan kuma wutar ta yi sanyi, ciki zai nuna amma ya sha mai ya langaɓe. Mafitar da masu suya suka gano ita ce a raba aikin gida biyu: a fara soyawa a wuta marar ƙarfi har ciki ya nuna, a kwashe a bar shi ya huce, sa'an nan a mayar da shi cikin mai mai zafi sosai na ɗan lokaci.

Faransawa suna da hikaya a kan wannan. Sun ce ranar da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Faris zuwa Saint-Germain a watan Agusta 1837, jirgin manyan baƙi ya makara, kuku ya kwashe dankalin da ya fara soyawa, da baƙin suka iso ya mayar da shi cikin mai, sai ya kumbura ya yi kyau. Buɗe hanyar jirgin gaskiya ne, sauran kuwa hikaya ce irin wadda ake ƙagawa domin a ba wa dabara uba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, bukatar sana'a ce ta koyar da ita. Mai rumfa yana son ya yi rabin aiki tun kafin masu saye su taru, ta yadda idan sun zo zai sallami kowa cikin minti biyu ko uku. A rumfunan Beljiyam wannan ya zama ƙa'ida, da kitsen shanu ake yi, kuma har yau a kanta suke.

Ilmin kimiyya ya zo daga baya ya bayyana dalili. Kusan kashi 80 cikin ɗari na dankali ruwa ne, yawancin sauran kuma sitaci. A suya ta farko sitacin yana shan ruwan da ke ciki ya kumbura ya nuna, ruwan da ke kusa da baya kuma ya fita a matsayin tururi. Lokacin hucewa tururi yana ci gaba da fita, sitacin da ke baya ya sandare ya zama kamar fata. A suya ta biyu wannan fata ce ke bushewa ta zama ɓawo. Launin zinariya da ƙanshi kuwa suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran gina jiki a cikin zafi, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912.

6.0 Irin Dankalin da Ya Dace

Abu na uku shi ne iri. Dankali ya kasu gida biyu a wajen mai girki. Akwai mai gari, wanda sitacinsa ke da yawa ruwansa kaɗan, yakan farfashe idan an dafa shi. Akwai kuma mai danƙo, wanda ruwansa ya fi yawa, yakan riƙe jikinsa a miya ko fate. Na farkon shi ne na suya, domin ruwan da wuta za ta kora bai da yawa.

Iri biyu ne suka yi suna a wannan fage. A Amurka, Luther Burbank ya fitar da wani iri a farkon shekarun 1870, daga cikinsa kuma aka sami wanda ake kira Russet Burbank, dogo mai kaushin fata, wanda jihar Idaho ta shahara da nomansa. A Holan kuwa wani malamin makaranta mai suna Kornelis de Vries, wanda ke gwajin iri a lokacin hutunsa, ya fitar da Bintje a farkon ƙarni na 20, aka fara sayar da shi a 1910. Ya ba shi sunan wata ɗalibarsa ne. Wannan iri ya daɗe yana riƙe da rumfunan Beljiyam da arewacin Faransa.

Ajiya ma tana da tasiri. Idan aka ajiye ɗanyen dankali a wuri mai tsananin sanyi, kamar cikin firiji, wani ɓangare na sitacinsa yakan juye ya zama sukari. Irin wannan dankali yakan yi duhu a kasko tun kafin ya bushe, mai suya ta ɗauka ya soyu ta kwashe, ya fito baƙi kuma laƙwas.

7.0 Zamanin Masana'anta

A tsakiyar ƙarni na 20 abincin ya sake sauya hannu. J. R. Simplot, wani attajirin manomi a Idaho, ya yi arziki da sayar wa sojojin Amurka busasshen dankali da albasa a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin masanan kamfaninsa suka gano yadda za a soya dankali rabin suya a daskarar da shi, aka fara sayarwa a 1953. A Kanada 'yan'uwan McCain suka buɗe tasu masana'anta a 1957. A shekarun 1960 kamfanin McDonald's, wanda a da ake fere dankali da hannu a kowane shagonsa, ya koma sayen daskararre daga Simplot, kuma yaɗuwar shagunansa ta kai wannan abinci kusan kowace nahiya.

Idan aka duba abin da masana'anta ke yi, za a ga tsohuwar dabarar rumfa ce aka faɗaɗa. Ana zaɓen iri mai gari, a fere, a yanka daidai wa daida, a tsoma a ruwan zafi domin a wanke sukarin da ke baya, a busar da iska, a soya na ɗan lokaci, a daskarar. Wato masana'anta ta ɗauke suya ta farko da hucewa, ta bar wa gidan abinci suya ta biyu kaɗai. Wanda ya ga ma'aikaci ya zuba dankali sau ɗaya ya kwashe yana ƙaras-ƙaras, ya je gida ya kwaikwaya da ɗanye, rabin aikin kawai ya gani.

Girman wannan ciniki ya fito fili a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe gidajen abinci. Beljiyam, wadda ke kan gaba a duniya wajen fitar da daskararren dankali, ta sami kanta da rarar kimanin tan 750,000, har ƙungiyar masu sana'ar ta roƙi jama'a su riƙa cin soyayyen dankali sau biyu a mako.

Batun lafiya ma ya shiga tarihin. A 1990 McDonald's ya daina suya da kitsen shanu ya koma man tsirrai, saboda matsin lambar masu yaƙi da ciwon zuciya. A 2002 masana a Suwidin suka sanar cewa abinci mai sitaci, idan an soya shi har ya yi duhu, yana samar da wani sinadari mai suna akirilamaid, wanda ake zargin yana da alaƙa da ciwon daji. Tarayyar Turai ta kafa dokar rage shi wadda ta fara aiki a 2018, inda ta shawarci masu suya kada zafin mai ya wuce digiri 175, kuma a kwashe dankali yana ruwan zinariya.

8.0 Dankalin Turawa a Ƙasarmu

Hausawa sun riga sun san dankali mai zaƙi, wanda shi ma asalinsa nahiyar Amurka ne, kamar masara da rogo da gyaɗa da barkono. Da sabon ya zo sai aka ara masa sunan tsohon, aka bambanta su da cewa wannan na Hausa, wancan na Turawa. 'Yan mishan da Turawan haƙar kuza ne suka kawo shi tsaunin Jos, inda tsayin ƙasa na kimanin mita 1,200 ya ba shi sanyin daren da yake bukata kafin ya yi 'ya'ya. A Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta ƙarfafa nomansa domin ciyar da sojoji, daga nan ya zauna da gindinsa.

A yau Jihar Filato ce ke noma mafi yawan dankalin Turawa na Nijeriya, musamman a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kuma akwai tashar bincikensa a Kuru. Ana kuma noma shi a tsaunin Mambila, da kuma fadamun Kano da Kaduna a lokacin hunturu. A Jamhuriyar Nijar an san shi a Bonkuku da kuma lambunan tsaunukan Abzin.

A nan ne tarihin da aka bayar a sama ya taɓa mu kai tsaye. Ɗaya daga cikin irin da ya fi yaɗuwa a Filato shi ne Nicola, wanda aka fitar a Jamus, kuma yana cikin masu danƙo. Yana da kyau a fate da miya, amma ba domin suya aka yi shi ba. Manomi yana zaɓen iri ne bisa yabanya da jure cuta da abin da ɗan kasuwa zai saya, ɗan kasuwa kuma yana sayarwa ne da kwando ko buhu, ba tare da sunan iri ba. Saboda haka uwargida takan sayi abin da ta samu, idan bai yi ba ta zargi hannunta. Manyan gidajen abinci da kantuna kuwa, da yake suna son dogon dankali mai fitowa iri ɗaya kullum, da yawansu sukan koma ga daskararren da aka shigo da shi daga waje. Ga manomi a Bokkos yana kukan faɗuwar farashi da kaka da ruɓewar kaya saboda rashin ma'ajiya, ga kuma kuɗin ƙasa na fita domin sayen dankalin Turai. Cutar da ta jefa Ailan cikin yunwa a 1845 ma ba ta bar shi ba, domin takan afka wa gonakin Filato a daminar da ruwa da hazo suka yi yawa.

9.0 Abin da Tarihi Ya Bar wa Mai Suya a Gida

Suya cikin mai mai zurfi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mai ƙosai da mai soya doya da mai ƙuli-ƙuli duk sun san halin mai da wuta. Man gyaɗa kuma, wanda yake jure zafi ba tare da saurin hayaƙi ba, yana cikin mafi dacewa da wannan aiki. Abin da ya rage shi ne a bi matakan da rumfa da masana'anta suka gada.

A nemi manyan dankali da suka ƙosa, masu nauyi, waɗanda ba su tsiro ba kuma ba su yi kore ba, ba a kuma ajiye su a firiji ba. A yanka su kauri ɗaya, kimanin santimita guda, domin su nuna tare. A jiƙa su a ruwan sanyi na rabin awa a ɗauraye har ruwan ya yi garau, sa'an nan a tsane su a goge da tsumma mai tsabta, domin ruwan da ya rage a jikinsu yana kashe zafin mai. A yi suya ta farko a matsakaiciyar wuta, wajen digiri 140 zuwa 150, na minti biyar zuwa bakwai, har su yi laushi ba tare da sun canza launi ba. A kwashe da matsami a baza su a faranti su huce sarai. Idan dankalin mai danƙo ne, tsawaita wannan hucewa, ko sa shi a firiji bayan suyar farko, yana taimakawa ƙwarai. Daga nan a ƙara wuta zuwa wajen digiri 175, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, domin cika kasko yana saukar da zafi. Minti biyu ko uku sun isa. A kwashe a gwagwa, a barbaɗa gishiri, a ci da zafinsa. Kada a rufe shi a kwano, domin tururin da ke fita daga ciki zai koma ya jiƙa ɓawon da aka sha wahalar samu.

10.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa soyayyen dankalin Turawa aikin hannaye da yawa ne. Manoman Andis sun ba da tsiron, yunwa da yaƙi sun sa Turai ta karɓe shi, masu tallar Faris sun jefa shi cikin mai, rumfunan Beljiyam sun daidaita suya sau biyu, masu gwajin iri sun samar da dankalin da ya dace, masana'antun Amurka da Kanada kuma sun raba suyar tsakanin injin da kasko. Daga cikin sharuɗɗa uku da aka ambata, mai muna da shi, dabara kuma ana iya koyonta a yini ɗaya. Wanda ya rage shi ne iri, kuma wannan ya fi ƙarfin uwargida. Aiki ne na cibiyoyin bincike da malaman gona da 'yan kasuwa su samar da iri mai gari da zai jure yanayin Filato, a gina ma'ajiya, a kuma riƙa sayar da dankali da sunansa. Ina kuma kira ga 'yan'uwa manazarta su tattara tarihin baka daga tsofaffin manoman Filato da tsofaffin kukun barikin kuza tun suna raye, domin a wurinsu ne kashinmu na wannan tarihi yake.